Roba-Roba a Siton Aloysius

Tun watan Yuni matan zumunta na coci suka sayi mashin ɗin, ko da yake sai Nuwamba za a ba da shi. Hujjarsu mai ƙarfi ce: a ƙasar nan abin da ka taya yau a kasuwa, in ka koma gobe sai ka tarar ya manta da kai. Roba-roba ne ja, irin wanda mace ke hawa da zaninta ba sai ta ɗaga ƙafa ba, da maɓallin tayarwa a hannun dama.

Maɓallin nan shi ne dukan zancen. Wadda za a ba kyautar, Martina, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da kowa a Kafanchan ke kira Mama Nas. Shekara talatin ta yi tana zaga ƙauyukan bayan Kagoro a kan babur da akwatin allura, har gwiwarta ta dama ta riga ta yin ritaya. Rabin masu zama a bencin cocin ita ta yanke musu cibiya. Yanzu da ƙafa take zuwa gaida marasa lafiya, tana ɗingishi, don ba ta iya buga kik. Shirin matan shi ne, ranar godiyar girbi a yaye ƙyalle a gaban jama'a, Mama Nas ta danna maɓalli da yatsa ɗaya, mashin ya tashi, a rangaɗa guɗa.

Saura inda za a ɓoye shi wata biyar. Gidan 'yar zumunta bai taso ba, don sirri a can kamar gishiri ne a damina. Paulina, shugabar matan, ta ce a kai wa Aloysius, wanda ake kira Papa Osita. Yana da sito mai kwaɗo biyu, matarsa Ifeyinwa tana ƙungiyar masu Turanci ba ta zumunta ba, kuma shi mutumin reluwe ne.

Hujja ta ukun ce ta rufe bakin kowa. A kwatas ɗin reluwe aka haifi Aloysius. Ubansa ya zo daga Enugu yana zuba wa jirgi kwal tun zamanin da jirgi ke numfashi da hayaƙi, ya kuma bar wa ɗansa gadon magana guda: inji ba ya son sanyi, in ka bari wutarsa ta mutu ka kashe shi. Aloysius ya yi shekara talatin da ɗaya a tasha, kuma yakan faɗa a duk taron da ya samu kujera cewa inji bai taɓa mutuwa a hannunsa ba. Gaskiya ne. Tikiti yake sayarwa, ba wanda ya taɓa damƙa masa inji.

Da rana tsaka aka kawo mashin a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da tamfol da ganyen ayaba kamar kayan kasuwa. Paulina ta miƙa masa mabuɗi da ɗan littafin da ya zo tare da shi.

"Papa Osita, abu biyu. Kar taya ta taɓa titi, sabo muke so a gan shi. Kuma ranar nan, dannawa ɗaya. Ba biyu ba."

"Mama, ka kwantar da hankali," in ji Aloysius, wanda Hausarsa kamar layin dogo take, mace da namiji duk hanya ɗaya suke bi. "Mutumin da ya ga inji mai tan ɗari, wannan ai keken yara ne."

Ya karanta littafin a ranar, da tabarau da biro, tun daga bango. Da ya iso wani shafi mai hoton mashin a cikin dusar ƙanƙara, mai bayanin yadda ake ajiya a lokacin sanyin Turawa, sai ya yi tsaki ya wuce. Shekararsa sittin da bakwai bai taɓa ganin ƙanƙara ta rufe Kafanchan ba, kuma ba ya sa rai.

Washegari ya kafa tsari. Ƙarfe shida daidai, bayan addu'ar safe, ya buɗe kwaɗo biyu, ya danna maɓalli, ya bar injin yana rawar jiki minti uku cif a agogon hannunsa. A cikin minti ukun ya gwada babbar fitila, ya gwada sigina hagu da dama, ya danna ham sau ɗaya a hankali, saboda sirri. Sannan ya kashe, ya shafa kujera da tsumma, ya kulle.

Abin da kwamitin matan bai duba ba shi ne, bangon siton Aloysius shi ne katangar bayan kicin ɗin Mama Nas.

Yuni ya wuce lafiya. A Yuli ruwa ya sauka kamar da gayya, siton ya fara warin laima, mashin kuma ya fara yin nazari kafin ya tashi. Aloysius ya gane cutar nan take: sanyi ne ya yi masa yawa. Ya ƙara magani, ya koma tayarwa sau biyu, safe da yamma. Da abin ya ƙara tsananta ya mai da shi sau uku. Ran wata Talata a tsakiyar Agusta ya danna maɓalli, mashin ya ce ƙyat. Ya sake dannawa. Ƙyat. A karo na uku ko ƙyat ɗin bai samu ba.

Ya zauna a kan buhun masara ya dubi abin. Ya ga ranar godiya a gabansa sarai: Fada a tsaye, mata ɗari cikin anko, Mama Nas tana danna maɓalli, shiru, sannan kowa ya juyo yana neman bencin da mutumin reluwe yake.

Ifeyinwa ta leƙo da kofin shayi.

"Yau jirgin bai tashi ba?"

"Yana hutawa."

"Haka aka ce mana game da na Fatakwal. Har yau yana hutawa." Ta ajiye masa shayin a kan kujerar mashin. "Ka kira makanike mana."

"Makanike nawa ne a garin nan da matarsa ba ta zumunta?"

"To ka sayi sabon batir."

"A wajen wa? Mai shagon ƙanin mijin Paulina ne. Mutumin da ko keke ba shi da shi ya je neman batirin roba-roba? Kafin in iso gida an sa ni a waƙa."

"Da dai tikiti ne," in ji Ifeyinwa, ta koma ciki.

Ya gwada kik. Bai taɓa hawa babur ba a rayuwarsa, ya daɗe yana cewa ba ya yarda da abin hawan da ba shi da layi. Bugu na huɗu ƙarfen ya dawo ya gaishe shi a ƙwauri. Kwana uku siton ya yi tsit.

Ran Juma'a da hantsi Mama Nas ta shigo gidan da kular abinci a hannu. Ta gaisa da Ifeyinwa, ta tambayi lafiyar ɗansu Osita da ke Legas, ta dubi filastar da ke ƙafar maigidan da idon sana'a, sannan ta ja kujera ta zauna tana fuskantar ƙofar sito.

"Papa Osita, kwana uku ban ji agogona ba."

"Wane agogo, Sista?"

"Na ƙarfe shida. Da shi nake ɗora ruwan zafi."

"Ban san abin da kake nufi ba. Masara ce a ciki."

"Na sani. Masara mai ham." Ta gyara zaman kular a cinyarta. "Ni ma ba abin da na sani. Hira kawai na zo. A ce wani mutum, ba kai ba, wani a Kagarko, an ba shi ajiyar mashin."

Aloysius ya dubi sama. "Akwai irinsu a Kagarko."

"A ce kullum yana tayar da shi minti uku ya kashe."

"Ai daidai ya yi. Inji ba ya son sanyi."

"Injin babanka ke nan, Allah ya ji ƙansa, mai cin kwal. Wannan kuwa duk dannawa ɗaya, batir yana ba da jini kwalba guda. Kafin ya mai da shi sai an hau mashin an yi tafiya, kamar daga nan zuwa Kagoro a dawo. Minti uku a tsaye cokali ɗaya yake mayarwa. Mutumin Kagarkon nan kuma har da kunna fitila da ham, ya kwashe cokalin."

"Da ya ga yana rauni ya ƙara masa zuwa sau uku," in ji Aloysius a hankali, don a san mutumin ya yi ƙoƙari.

"Na ji shi. Ina kicin ina yanka albasa, ban san wanne ke sa ni hawaye ba."

Ruwa na ɗiga daga kwano cikin bokiti.

"To shi mutumin," in ji Aloysius, "me ya kamata ya yi?"

"Da ya karanta littafin. Akwai shafi mai hoton ƙanƙara."

"Ƙanƙara a Kagarko?"

"Batir bai san ƙanƙara ba, Papa. Zama ya sani. Ni duk damina, in rafi ya cinye hanyar ƙauye, wata biyu babur ɗina ke yi a ɗaki. In cire batir, baƙar waya farko, in ɗora shi a kan katako inda babu laima, duk mako biyu in ba shi caji kaɗan. Kaɗan, kamar kunun majiyyaci. In zubar da man da ke kafireta kar ya yi danƙo. Shi ke nan. Ba a tashinsa, barci ake barinsa ya yi."

"Wanda ya riga ya mutu fa?"

"Kwana uku? Suma ce. Da ya kai wata sai a kira Fada." Ta buɗe kular. Ba tuwo ba miya, sai sukudireba da ƙaramar sifana a naɗe cikin tawul. "Ina da sola a gida da ɗan caja. In mutumin ya ga dama, ni zan shiga in gaida Mama Osita, in daɗe. In na fito in ɗauki kulata."

Ta miƙe da kyar, ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Wane launi ne?"

"Masarar?"

"I."

"Ja."

"Na gode wa Allah. Na ji tsoron kore ne."

Haka batirin kyautar ya koma gidan mai kyautar, a cikin kular abinci. Ya farfaɗo a kwana na biyu. Mama Nas ta aiko da labari ta bakin Ifeyinwa cewa majiyyacin ya buɗe ido.

Sai wata matsalar ta taso. Ashe Paulina takan bi ta layin da asuba in za ta coci, ta ɗan rage tafiya a jikin katanga ta ji motsin dukiyar zumunta. Ran Lahadi ta tare Aloysius a bakin coci.

"Papa Osita, mako guda ban ji komai ba. Lafiya?"

Da ya ce mata an canja tsari, da sai ta tambayi dalili, da kuma wanda ya ba da shawara. Don haka ran Litinin da ƙarfe shida ya ja ƙaramin janaretansa cikin sito, ya rufe ƙofa, ya ja igiya. Minti uku cif. Ya fito yana tari, idanu jajur.

"Muryarsa ta yi kauri," in ji Paulina a mako na gaba.

"Ya fara sabawa da garin ne."

Paulina ta kai wa kwamiti rahoto cewa mashin har ƙarfi ya ƙara. Satumba da Oktoba suka wuce a haka: janareta na kuka a sito, batir na barci a kan katako a kicin ɗin maƙwabciya, Mama Nas kuma tana halartar taron zumunta tana kallon mata suna yin shiru in ta shigo. Takan tambaye su ko lafiya, su ce lafiya lau, ta ce madalla.

An shirya ran Asabar, jajibirin biki, za ta dawo da batirin a ɗaura. Amma Paulina mace ce mai tsoron ranar ƙarshe. Ran Juma'a da rana, Aloysius yana wajen aski, ta zo da a-kori-kura da mata huɗu, ta karɓi mabuɗan sito a hannun Ifeyinwa, suka kwashi mashin zuwa gidan Fada, aka kulle a gareji.

"Ka bar su suka tafi da shi?" in ji Aloysius da ya dawo, rabin kansa na ƙyalli.

"Mata biyar da waƙa a bakinsu. Kai ka tare su."

Ranar Lahadi harabar coci ta cika da doya da citta da kaji masu ɗaurarrun ƙafafu. An ajiye mashin a gefen ƙofa ƙarƙashin farin ƙyalle, Paulina na tsaye a kansa kamar soja. An zaunar da Mama Nas a bencin gaba, ba a gaya mata dalili ba, ita kuma ba ta tambaya ba. Ana cikin waƙar baiko, lokacin ba da sadaka, mata na kaɗa tulu, Mama Nas ta miƙa wa Ifeyinwa kula ta ce da ƙarfi, abincin Papa Osita ne, kar ya sha magani da yunwa.

Aloysius ya isa wajen Paulina da kula a hannu ɗaya, galan ɗin fetur a ɗayan.

"Mama, duba na ƙarshe. Dokar reluwe."

"To duba."

"Ba a yi ana kallo."

"Da abinci za ka shiga?"

"Yana ɗaukar lokaci."

Ya durƙusa ya shige ƙarƙashin ƙyallen, tsoho mai shekara sittin da bakwai cikin kwat ɗin Lahadi. Duhu, zafi, ga gumi na shiga ido. Ya zuba mai. Ya kwance murfin da ke wajen taka ƙafa, ya buɗe kula, sai kansa ya ɗauke: wace waya ce farko? Baƙa aka ce, amma wannan na cirewa ne. Ya ɗago batirin kusa da hanci. An manna masa filasta, da rubutun da duk wanda ya taɓa karɓar magani a Kagoro ya sani: Ja farko, baƙa daga baya. A ɗaure sosai. Kar a gwada.

Kar a gwada! Ya ɗaure, ya mai da murfi, ya fito da rarrafe. Paulina ta dubi kular, ta dubi bakinsa.

"Ko tayi babu, Papa Osita."

Bayan addu'ar rufewa jama'a suka fito harabar. Fada ya yi jawabi a kan cibiyoyin da aka yanke, aka kira Martina, aka yaye ƙyalle. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Yesu! Ni? Mashin? Yaushe kuka yi wannan?"

Ta ja da baya, ta dawo, ta rungume Paulina, ta yi kuka na gaske, don wata uku tana riƙe da shi. Mata suka dubi juna cikin alfahari. Ba a taɓa riƙe sirri haka a tarihin zumunta ba.

Aka taimaka mata ta hau. Ta murɗa mabuɗi. Aloysius ya rufe ido, ya kira sunan ubansa da na waliyyai uku. Ta danna.

Ya tashi tun kafin ta ɗauke yatsa.

Guɗa ta tsaga harabar, kaji suka firgita a cikin igiyoyinsu. Fada ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya kira Papa Osita gaba, ya dafa kafaɗarsa.

"Wata biyar, cikin damina, a ɗaki. Nawa babur ɗin mako uku na bar shi, sai da aka tura ni. Papa, gaya wa jama'a yadda ka yi."

Ya miƙa masa makirfo. Aloysius ya iya yaudarar Paulina da janareta, ya iya kiran mashin masara, amma ƙarya a hannun Fada, a ƙofar coci, bayan ya karɓi jibin Ubangiji, wannan wani layi ne daban. Ya kai makirfon bakinsa.

"Fada, gaskiyar magana, ba ni ba ne na..."

Piiiiiim!

Mama Nas ce, yatsanta a kan ham, fuskarta kamar ta jariri. "Yi haƙuri, Fada. Ban san nan ne ba."

Aka yi dariya. Aloysius ya sake ɗaga makirfo. "Abin da nake so in ce, tun watan Agusta..."

Piiiiiiiiiim! Wannan karon ba ta ɗaga ba sai da mata suka ɗauka alama ce, suka kama waƙa, tulu ya amsa, 'yan rawa suka kewaye mashin. Fada ya karɓe makirfonsa ya ce, ga shi nan, mutumin kirki ba ya yabon kansa. A cikin hayaniyar Mama Nas ta matso da mashin dab da ƙafar Aloysius.

"Ka ɓata musu, in yi maka allurar tetanus a gaban kowa," ta ce, tana murmushi wa jama'a.

Sunan Aloysius ya tsira, har ya wuce yadda ake bukata. Kafin mako biyu Fada ya aiko da babur ɗinsa, zai tafi kwas na wata uku. Wani malamin makaranta da aka yi wa canji zuwa Kujama ya kawo nasa. Sai ƙanin mijin Paulina da kansa, mai sayar da batir, ya kawo na matarsa da ta je wankan jego, ya ce shi sayarwa ya iya, riƙo sai 'yan reluwe. Da mashin na huɗu ya iso, Ifeyinwa ta kwashe masarar ta mai da ɗaki don a samu wuri.

Ranar da Aloysius ya tsallaka da kula karo na huɗu, ya tarar da Mama Nas ta dawo daga ƙauye, tana goge laka a jikin roba-roba. A kicin ta nuna masa katakon. Batura uku a jere, kowanne da filasta da sunan mai shi da ranar da zai sha caji. Ta karɓi na huɗun, ta juya shi, ta duba bakin wayoyin, ta matsa sauran ta ba shi wuri.

"Papa Osita, gado huɗu ne a asibitin nan, kuma sun cika," ta ce tana yanko filasta. "Na biyar in ya zo, ka tura shi Jos."